Na Bakwai a Layin Sama

Shekara talatin da ɗaya ina ɗakin inji
a kan tudun Valparaíso, inda keken hawa
ke ɗebo mutane daga bakin teku zuwa unguwanninsu.
Fasinja ba su san fuskata ba.
Sun san igiyar ƙarfe, sun san tsatsar taga,
ni kuwa na san akwati mai ruwan toka
da rilai goma sha huɗu a cikinsa, jere kamar haƙora.

Ƙas.
Da wannan muke buɗe safiya.
Ondina ta danna maɓalli can ƙasa da yatsa ɗaya,
'yar wutar da ba ta isa ƙona tururuwa ba
ta hau waya, ta zaga naɗin tagulla,
ƙarfe ya zama maganaɗisu, ya jawo harshe,
leɓe ya sami leɓe,
sai babbar wuta ta zabura kamar san da aka kwance,
inji ya yi gurnani,
keke ɗaya ya hau, ɗan'uwansa ya sauka.

Ƙaramar wuta da babba ba su taɓa gaisawa ba.
Tsakaninsu iska ce, kaurin farce.
Shi ne ɗan aike: ba ya ƙari, ba ya ragi,
ba ya tambayar wa ke ciki,
mai sayar da kifi ne ko amaryar likita.

Don Belisario, wanda ya koya mini aiki,
bai yarda da mita ba sai da kunne.
Yakan ce, Eleodoro, rufe ido.
Wannan ƙas ɗin lafiyayye ne,
wancan yana jan ƙafa, gishirin teku ya ci bakinsa.
Mu goge da farar takarda, a hankali,
kamar mai share wa jariri ido.

Daren da ƙasa ta girgiza
matata Herminia tana tsakiyar hanya,
da jakar albasa, da yara biyu na maƙwabta.
Fitilun birni suka mutu tudu bayan tudu.
Ban taɓa komai ba. Ina ƙasa, kwalban mai suna zubo mini.
Na bakwai a layin sama, wanda ke riƙe birki a buɗe,
da wuta ta bar shi, sai ya saki.
Sakin nan ne ya kama taya.
Keke ya tsaya cak, rataye tsakanin rufin kwano da taurari.
Duk rayuwarsa riƙo yake yi,
ranar da ya yi babban aikinsa kuwa, buɗe hannu ya yi.

Jiya Yasna ta zo daga kamfani
da koren allo, bai kai tafin hannuna biyu ba.
Ba harshe, ba sifirin, ba abin da ke motsi.
Ta ce zai yi sau miliyan bai gaji ba.
Na yarda, yarinyar ta san aikinta.
Na dai tambaye ta: in ya kamu da ciwo,
ta ina zai faɗa mini?
Ta nuna wata 'yar jar fitila, ta yi murmushi.

An kwance sha huɗun, an zuba a kwali.
Na roƙi ɗaya, ba wanda ya hana.
Yanzu yana ƙarƙashin murfin tsohuwar motata,
na ɗaure shi da waya kusa da batir,
shi ke kunna manyan fitilu, ko da yake ya yi wa wurin girma.

Herminia ta rasu bara, a gadonta, cikin barci.
Da dare nakan gangara titin da ke murɗe kamar hanji,
in tsaya inda ake hango jirage,
in kashe inji, in murza makunni:
ƙas, haske a kan ruwa.
In sake murzawa,
in saurari yadda yake saki.